Majanyin Khairat

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Ciwon bayan nan dai ya ƙi. Da na goya Khairat sai in ji kamar an soka mini ƙusa a tsakiyarsa. Goggo, surukata, ta zo daga Jabo ta ce wankan jego ne ban yi da kyau ba. Wata goma da haihuwa! Ta sa an yi mini ƙaho. Shiru.

Alhamis, 15 ga Mayu
Maigidana Gazali ya kai ni asibitin Tambuwal a babur. Kowane rami daga Kebbe na ji shi har ƙwaƙwalwa. Likita ya daɗe yana kallon hoton ƙashin, ya ce akwai abin da bai gane ba, mu tafi Sakkwato.
A littattafan da nake karantawa, nan ne miji yake riƙe hannun matarsa. Nawa mijin takalminsa ya yi ta kallo.

Talata, 3 ga Yuni
Sun tura ni cikin wata na'ura mai kama da kabari, ga ƙara. Ƙari ne a ƙashin baya. Sun ɗebi ɗan kaɗan da allura don a gane ko kansa ce, wato ciwon daji.

Laraba, 18 ga Yuni
Ba kansa ba ce. Ba ya yaɗuwa. Gazali ya juya baya yana share ido, na gan shi. Amma ƙarin yana danne jijiya, sai an yi aiki. Likitar Sakkwato ta ce, "Batula, daga yau babu goyo."
Kowa Alhamdu lillahi yake ji, ni "babu goyo" kawai nake ji.

Asabar, 28 ga Yuni
Goggo ta zo ɗaukar Khairat yaye. "Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Ɗiyar fari dama ta kakanni ta." Da alheri ta faɗa, shi ya fi ciwo. Me zan ce? Yarinyar da ko sunanta kunya ta hana ni kira gaban mutane, ni ce zan ce a bar mini ita? Na sunkuyar da kai na haɗa kayanta. Majanyin kawai na ɓoye.

Lahadi, 20 ga Yuli
An yi aiki. Ƙafafuna suna motsi. Nono ya ƙafe.

Laraba, 13 ga Agusta
Na ce, "Malam, yaushe za a dawo da yarinyar?" Ya ce, "Haba, Batula, da wane baki zan tambayi Goggo? Ki ƙara jin sauƙi tukuna." Na buɗe littafi, layi ɗaya na yi ta maimaitawa.

Juma'a, 12 ga Satumba
Jabo. Na tafi da majanyin a jaka, tunda an ce in fara ɗaukar abu marar nauyi. Yarinyar ta fara tafiya! Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba, gaban Goggo da matan gidan duka: "Khairat!"
Aka kwashe da dariya. "Kai, 'yan zamani, ba kunya!"
Ba ta juyo ba. Ashe Inna suke ce mata a can. Goggo ta ce, "Inna, taho ki gaida baƙuwa." Ta leƙe ni, ta ruga ta haye bayan Goggo, ta kwantar da kai daidai inda take kwantarwa a nawa. Ta yi ƙiba. Tana dariya.
Na yi wa Goggo sallama, na bar yarinyar a can.
Da muka iso gida na duba jaka, babu majanyin. Yana kan tabarmar Goggo, a ninke. Mantuwa ce, ina jin.