Saboda goro ana shegantar mini da ɗa

Salamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zuciyata tafasa take yi.

Ni 'yar Kamarawa ce, ina aure a Sabon Birni. Dangin mijina kaf maciya goro ne, tun daga kakansu, su ci goro su kora da shayin Buzaye mai ɗaci, su kwanta su yi ta minshari. Babban ɗana kuwa, saurayi ne yanzu, ɓari guda in ya tauna sai hannunsa ya hau rawa, ƙirji na bugu, barci ya ƙaurace masa. Ni ma haka nake, marigayi babana ma haka yake, wata malamar asibiti ta ce mini abin a jini yake, yaro na iya ɗauko na uwa ko na uba.

Ranar sunan ɗiyar ƙanen mijina aka miƙa wa yaron goro ya ce ya gode, sai wan mijina ya ce a gaban jama'a, "Wanga dai ba jininmu na ba, a tambayi uwa tai." Yaro ya ɗauki butar shayi da ke kan gawayi ya kwaɗa masa a goshi, jini ya wanke masa fuska. 'Ya'yan wan mijin nawa suka yi wa ɗana taron dangi da sanduna har suka karya masa hannu, mijina yana tsaye bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi dukan ci mini rai.

Da na ji, na fita tsakar gida na ɗauki goro guda na cinye a gaban surukata, don su ga daga inda ya gado. Kafin la'asar jikina ya ɗauki kyarma, gumi na zuba. Tsohuwar ta kalle ni ta ce, "Ahto, marar gaskiya ko cikin ruwa gumi shikai."

Yanzu mijina ya daina cin tuwona, yaron kuma na same shi yana wasa adda da hannu guda, na ƙwace na ɓoye cikin rumbu. Ya rantse sai wan ubansa ya janye maganar ko ɗayansu ya kwanta dama.

In kai ƙara wurin alƙali, in tona wa kaina asirin da ban aikata ba? Ko in tura shi garin Isa wurin kawunsa, su ce shege ya gudu? Ku faɗa mini da sauri, don ya san hanyar rumbun.