Mai Gadin Huhun Innarki

Magariya, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Hinda,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, Allah ya ba ki sa'ar karatu, ya kare ki a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. An gama yankan gero a Bande, yayarki Zalika ta sauka lafiya, an samu mace. Innarki kuwa tari bai bar ta ba, amma jiya ta sha kunu rabin kwano.

Saƙon muryar da kika aiko kan ciwon huhun Innarki na saurare shi sau shida, har yanzu kaina a ɗaure yake. Ni tela ne, ki yi mini a hankali. Abin da na kama shi ne, a cikin kowace ƙwayar halitta ta huhu akwai wani furotin mai gadi, wanda ke hana ta hayayyafa barkatai. Akwai kuma wani furotin da aikinsa shi ne ya sa wa mai gadin alama a kwashe shi idan ya gama aiki. Kika ce wani lokaci mai sa alamar ne ke wuce gona da iri, yana kwashe mai gadin tun bai yi komai ba, sai ciwon daji ya samu fili. To shi wannan mai sa alamar, wa ke ba shi umarni? Nan ne kika yi ta sauri, kamar ba ki so in tsaya.

Lokotoron da ya duba Innarki a asibitin Damagaram ya tambaye ta ko tana shan sigari. Ta yi dariya har ta sarƙe. Ni ban yi dariya ba. Kin san shekara ashirin da shida na yi ina busa shi a ɗakin ɗinki, taga a rufe don kada iska ta watsa mini yadi, ita kuma tana zaune gefena tana ɗinka maɓalli. Da na gaya masa haka, ya ce hayaƙi na iya lalata mai gadin, amma akwai waɗanda ba su taɓa kusantar hayaƙi ba kuma ciwon ya kama su. Ni da na zuƙe shi, hoton ƙirjina fes. Ta ina zan gane wannan?

Na bar sigari tun ranar, amma ban san ko na bari a kan lokaci ba, kuma wannan shi ke cina. Da Innarki ta ga na ɗauko takarda, sai ta ce: "Malam, rubuta mata hayaƙin murhu ne, shekara nawa ina suyar ƙuliƙuli." To na rubuta. Sai dai tun zuwanta gidan nan ba ta taɓa suya a ɗaki ba, a fili take yi, kuma ta san na sani.

Hinda, ke kike duba waɗannan abubuwa a na'ura kullum. Kada ki ba ni amsar da Innarki za ta so, kada kuma ki tausaya mini. Idan ni ne, ina so in nemi gafararta tun tana iya amsa mini da bakinta.

Zalika da mijinta Maigari suna gaishe ki, haka Gwaggo Asabe. Ki gaida Mariyama abokiyar ɗakinki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Illa Tela