Ɗakin Gashin Ƙashi da Aka Mayar Sito

Zuwa ga Shugaban Asibitin Unguwarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Hajara, a Tungan Maje nake zaune. Sai da na aurar da 'ya sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka in an ga gyara a yi mini uzuri. Na yi ta zarya ofishinka ana ce mini kana mitin, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Kukana a kan ɗakin gashin ƙashi ne, na bayan ɗakin awo, wanda aka rufe tun bara.

Na farko, ka ji abin da ɗakin nan ya yi mini. Shekarun baya kafaɗata ta dama ta riƙe saboda daka da wankau. Ko ɗankwali ba na iya ɗaurawa, sai 'yata Bilki ta ɗaura mini. Na sha ƙwaya, na shafa man zafi, an yi mini ƙaho, duk a banza. Daga baya aka tura ni wurin Sista Rifkatu, mai kula da ɗakin. Ta ɗumama kafaɗar, ta murza, sannan ta tsayar da ni gaban bango ta sa yatsuna su riƙa hawa kamar gizo-gizo. Inda hannun ya tsaya, sai ta ja layi da alli.

Kowace mace da layinta. Akwai Gwarawa masu ɗaukar itace a kafaɗa, akwai Maman Ngozi mai gwanjo da gwiwa ta hana ta zaman coci, akwai mu. Wadda layinta ya ƙara sama a yi mata guɗa, wadda ta yi lalaci a gida Sista ta ce ko ɗan ƙadangare ya fi ta hawa bango. Mu yi dariya har mu manta ciwo ya kawo mu. A nan na koyi durƙusawa kafin in ɗaga bokiti. Ranar da na ɗaura ɗankwalina da kaina, kuka na yi. Da wannan hannun nake rubuto maka.

Na biyu, Bilki. Tun da ta haihu bayanta ya ƙi daɗi, ga goyo, ga zaman keken ɗinki wanda da shi suke ci. Likitanku ya duba ya ce babu karaya, gashi da motsa jiki take buƙata, amma sai ta je cikin gari. Ranka ya daɗe, mace mai ciwon baya, da jariri, a matse cikin mota ga cunkoso: kafin ta dawo, hanya ta warware abin da aka gyara. Ta daina zuwa. Yanzu ƙwayoyin masu talla a tire take haɗiya, ita da ke shayarwa. Dangin mijinta kuma sun fara maganar kai ta wurin wani mai ɗori ya taka mata bayan. Ni hawan bango kaɗai na iya, kuma Sista ta sha gaya mana kowane ciwo da irin motsinsa. Hankalina ba a kwance yake ba.

Na uku, na leƙa ta taga kwanan nan. Kwalaye ne da karyayyun kujeru a kan gadon da ake kwantar da mu. Amma layukan suna nan a bango. Na gane nawa, can sama da kwalayen.

Roƙona, a kwashe kayan nan a buɗe ɗakin, ko da rana ɗaya ce a mako. In Sista Rifkatu ta yi nisa, a kawo wata mai irin iliminta. Kuma a gaggauta, don ba zan iya tare dangin miji har abada ba.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya ba ka lafiyar jiki, Ya sa kada ranar ta zo da za ka kasa ɗora hularka da kanka.

Wassalam.

Hajara, Maman Bilki,
Tungan Maje, Abuja.