Baba, Abokinka Ya Ce In Janye Rahoton

Zuwa ga mahaifina, marigayi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, Baba, daga ɗakinka na Kwaciri nake rubuto maka, domin abin da ke raina kai ne za ka fi gane shi.

Ran da na gama makarantar koyon tuƙin jirgi ka yi murna, amma ka ce, "Hafsatu, mu da muka fito daga sojan sama horo ne ya gina mu. Ku farar hula, takarda ce." Abin ya sosa min rai.

Yanzu ni mataimakiyar wani kyaftin ce, tsohon soja irinka. Wajen saukar da jirgi ban taɓa ganin hannu kamar nasa ba. Amma watan jiya muna dawowa Kano, hadari ya rufe filin jirgi. Muka sauko har inda doka ta ce in ba ka ga titin sauka ba, ka koma sama. Ba mu gani ba. Sau biyu ina faɗa masa mu koma sama. Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Yarinya, na sauka a inda ake ruwan harsashi." Muka dira lafiya, fasinjoji har da tafi.

Na rubuta wa kamfani rahoto a kansa, irin wanda aka ce mana sirri ne.

Kwana uku tsakani aka cire sunana daga jerin masu tashi, wai ana gyaran tsari. Shekaranjiya kuma Baba Yohanna, abokinka na bariki, ya aiko in same shi gidansa a Sabon Gari. Ya sa aka kawo min abinci, ya tambayi lafiyar Inna, sannan ya ce, "'Yata, janye takardar nan. Da babanki na raye, abin da zai faɗa ke nan."

Wa ya gaya masa, Baba? Ko Inna ba ta sani ba. Sai daga baya na tuna mai karɓar rahoto a kamfaninmu tare kuka yi soja. Yanzu duk wanda ya yi min murmushi a wurin aiki, sai in ta tunanin me ya sani.

Abin da ya fi ci min rai, ban tabbata ƙarya Baba Yohanna ya yi maka ba. Na san yadda kake rufa wa naku asiri.

Ban janye ba, ba kuma zan janye ba. Jirgin nan cike yake ran nan, har da masu goyo. In da bayan 'yan'uwanka sojoji za ka bi, ka yafe min, Babana. Wannan karon ba zan bi ka ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma, ni kuma Ya tsaya min.

'Yarka,
Hafsatu