Numfashin Hatanaka

Talata, 14 ga Janairu, 2003

An liƙa sanarwa a tashar jirgin ƙasa: kiɗan ban kwana na Farfesa Hatanaka, a zauren jami'a, tsakiyar Maris. Sunansa da manyan baƙaƙe kamar allon sabon kanti. A ƙasa, gurbin mai piyano, an rubuta "za a sanar". Rabin rayuwata sunana ne a wannan gurbin, da ƙananan baƙaƙen da sai ka sa tabarau.

Jirgin ruwa ɗaya ya kai mu Turai karatu, shi goge mai tsirkiya huɗu, ni piyano. Ɗaki ɗaya muka kama, kuma sakamakona ya fi nasa, ya sani. Da muka dawo Japan kujera ɗaya ce a sashen kiɗa, aka ba mai goge. Ni na zama "mai rakiya". Duk na haɗiye. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne ranar liyafar nan da ya ɗaga kofin giyar shinkafa a gaban ɗalibai ya ce piyano ai tabarma ce, a kanta goge ke zama. Aka yi dariya. Na ɗauki takalmana. Tun ranar ban sake taka jami'ar ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Dusar ƙanƙara har gwiwa. Ban buɗe piyano ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Fumie, matarsa, ta zo da kwalin alewar wake. Ta ƙi hawowa ciki, a bakin ƙofa ta tsaya tana ta rusunawa. Na ce in shi ya aiko ta, ta gaya masa tabarma ta yage. Ta ce bai san ta zo ba.

"Malam Kuwahara, kunnen maigidana ya tafi."

Wai an gwada masa masu piyano biyu cikin tsofaffin ɗalibansa. Sai ya ɗaure tsirkiya ƙasa da sauti, ya dube su, su sunkuyar da kai su ce, "Daidai ne, Malam." To me za su ce? Ɗalibi ba ya gyara wa malaminsa ko da gida na cin wuta.

"Zauren zai cika," in ji ta. "Za su tafa masa, su fita suna raɗa. Kai kaɗai ne kake zaginsa ido da ido."

Na ce zan yi tunani. Da ta tafi na cinye alewar duka a tsaye. Abin kunya.

Alhamis, 30 ga Janairu

Na je, don dai in gani da idona. Ɗakin gwajin yana nan yadda na bar shi, warin ƙaron da ake shafa wa sandar goge da warin kananzir ɗin hita. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Kuwahara! Ashe ba ka mutu ba?"

Na ce ina jiran ya fara ne, kamar kullum. Bai ji ba. Ya yi irin murmushin nan na wanda ke so a ɗauka ya ji.

Na danna masa La, sautin nan guda da mai piyano ke bayarwa kafin kowane kiɗa don mai goge ya saita tsirkiyarsa a kai. Ya murɗa, ya murɗa, ya tsaya ƙasa da shi, ya dube ni. Na girgiza kai. Ya ce piyanon ne ya sauka saboda sanyi. Na ɗaga murya na ce, "Kunnenka ne ya sauka, tsohon banza!"

Wannan kam ya ji. Can ya ce, "To, sake dannawa."

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Saitin tsirkiya mun samo masa dabara: ya dafa katakon piyano ya ji rawar sautin a tafin hannu, ni kuma in nuna masa sama ko ƙasa da ido har ya dace. Daga nan yatsunsa sun san hanya, ba su manta komai ba.

Matsalar ita ce shiga tare. Tun muna samari shi ke jan numfashi ta hanci, mai ƙarfi, ni in shiga a kansa. Haka kowane mai goge ke yi wa mai piyanonsa. Na tsani wannan numfashin. Mutum da karatunsa ya ƙare rayuwa yana jiran hancin wani! Yanzu kuma ba ya jin inda nake. In na tsaya bai sani ba, in na ci gaba bai sani ba. Yau ya shigo kafin lokaci ya yi ta tafiya shi kaɗai, ido a rufe, har ya kai ƙarshen shafi. Ban tsayar da shi ba. Ban san me ya hana ni ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Yatsuna na ciwo, na jiƙa su a ruwan ɗumi. Wa ya aike ni?

Alhamis, 20 ga Fabrairu

A shagon taliya na bayan jami'a ya kawo maganar. Mai shagon, da ta gan mu tare, ta ce, "A'a, malamai, kun shirya ke nan? Ni na ɗauka sai a maƙabarta."

Ya jira ta koma wurin tukunyarta sannan ya ce, "Kai za ka riƙa jan numfashin. Ka ɗaga kafaɗa sosai, ina kallonka. Zan juyo da tsayuwata wajenka."

Na ce Farfesa guda zai ba jama'a gefensa ya zuba wa tabarma ido? Ko ya ji, ko leɓena ya karanta, oho. Ya ce, "Taliyarka na hucewa."

Bai ba da haƙuri ba. Da ma ban sa rai ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Jiya da rana aka yi. Zauren ya cika har da tsaye. Ya dafa piyano kamar mai hutawa, na danna La, na yi masa ido, ya dace. Ba wanda ya lura.

Sai aka yi tsit. Na ɗora yatsu na zauna ina jiran numfashinsa. Jikina ne ya yi haka, ni ban sani ba. Shi kuma yana tsaye da sanda a sama yana jiran kafaɗata. Wani ya yi tari a baya. Na hango Fumie a layin gaba ta damƙe jakarta. Da ya ga abin ya yi tsawo, ya motsa leɓe ba murya: "Kai ne, wawa."

Na ja numfashi. Muka shiga tare.

Ban san yadda zan rubuta sauran ba. Ya bi kafaɗata daga farko har ƙarshe, bai ɗauke ido ba. Wuri ɗaya ya zame, na rufe masa. A sashen nan mai tafiya a hankali, wanda muka koya a ɗakinmu na Turai muna sanye da riguna biyu-biyu, na buga abin da ban taɓa bugawa ba. Na sani tun yatsuna na kai.

Da aka fara tafi ya kamo hannun rigata ya jawo ni gaba, muka rusuna tare. Da can shi ke rusunawa, sannan ya nuna ni da tafin hannu.

A bayan labule na sa baki a kunnensa na tambaye shi yadda ya ji sashen nan. Yana goge ƙaro daga jikin gogen, bai ɗago ba. Ya ce, "Na gani. Kafaɗarka ta yi kyau."

Alhamis, 10 ga Afrilu

Furannin bakin kogi sun buɗe. Na biya gidansu da lemu, tun da hanyar asibitin da nake zuwa ce. Alhamis ɗin da ta wuce ma hanyar asibiti ce. Gogen yana cikin akwatinsa a saman kabad, Fumie ta ce bai ƙara saukar da shi ba. Na ɗan taɓa ƙaramin piyanonsu, ya ɗora tafin hannu a kan katakon ya ce na cika gaggawa. Ƙarya yake yi.

A duk garin nan mutum ɗaya ne ya san bambancin ranar da na yi kiɗa da ranar da na danna maɓallai kawai. Ranar da na fi kowace rana, yana tsaye kusa da ni, kuma ko sauti ɗaya bai ji ba.