Hotona ne, amma an ce na sata

Zuwa ga Mushe Darakta na projen da yaz zo Dakoro koya ma mata gyaran cuku.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, kai da ma'aikatanka duka. Ina aiki, ina iyali? Allah shi sa kuna lafiya.

Sunana Hajara, matar Malam Idi tela, uwar ɗiya biyar. Cuku nika yi tun ina gidanmu. Ka yi haƙuri da rubutuna, karatun yaƙi da jahilci gare ni, yadda nika magana hakanan nika rubutawa. Na sa wasiƙar ga a fili don sau biyu ina aika saƙo biro ɗinku, wato ofishinku na Maradi, har yau shiru.

Na ɗaya. Damina biyu da sunka wuce kunka tara mu matan ƙungiyar masu cuku cikin ajin lakkwal, kwana ukku. Horon ya yi amfani, ba ni ɓoyewa, tun daga nan nika tace nono da ƙyalle mai tsabta. Ran ƙarshe kunka zo da wani mai babbar kamara. Sai da nit tambayi maigidana kafin in yarda, shi ko yac ce ba komi tunda aikin proje ne. Mai kamara yas sa nid ɗaga cuku da hannu biyu ina dariya. Nic ce a bari in sake zane, yac ce na aikin ya fi. Bayan nan anka kawo takardu na Faransanci anka ce kowa ta dangwala yatsa. Mushe, mu nan mun saba, duk taron proje sai an dangwala kafin a raba abinci. Nid dangwala wuri biyu, niw wanke hannu, nic ci shinkafa. Ba wanda yac ce mani ta biyun daban take.

Na biyu. Animatiris ɗinku, matar nan mai koya muna aikin, Allah shi saka mata, ita ta aiko mani hoton a waya. Ya yi kyau ƙwarai, ban taɓa ganin kaina haka ba. Da shi nib buɗe shafi a intanet, ni da kaina, ina zuwa wurin mai wifi na bakin tasha in sai tike in zauna bisa benci cikin maza, ina kumya ina koyo. Mutanen Maradi da Yamai sunka fara aiko saƙo, in ɗaure cuku in ba direba. Har ta kai nonon da nika samu cikin gari bai isa, sai Dije, wata Bafillatana daga wajen Birnin Lalle, ta riƙa kawo mani, ita da mata huɗu na rugarsu.

Na ukku, shi ne babba. Farkon daminar ga nib buɗe waya, shafi babu. Nid ɗauka rezo ne, wato sabis, nis sake sayen tike. Nik kai ma Malam Sani mai sibar, shagon intanet, yad duba cikin ordinatar, yac ce ba rezo ba ne, kuma ba wayar ka son mizajur ba, wato sabuntawa. Rufe shi anka yi, wai na sa hoton da ba nawa ba. Nic ce shi rubuta ma waɗanda sunka rufe shi cewa ni ce cikin hoton. Amsar da taz zo, mai kamarar nan ya saida hoton ga wani kamfanin waje, su ko suna da na'ura da ka yawo cikin intanet tana neman hotunansu. Sunka haɗo da hoton takarda ta biyu. Na ga yatsana ƙasanta. Malam Sani yak karanta mani da Hausa, wai na yarda a yi abin da anka ga dama da hotona ko'ina, har abada. Ranar nif fara jin abin da ke cikinta.

Bai tsaya nan ba. Wata Hajiya ta Yamai mai saye wurina ta aiko mani hoton ledar cuku da tas saya kanti. Fuskata ce bisa ledar, da zanena na aiki. Tana tambayata ko na sake hannu, don wanga warin hunhuna shikai. Ban san mai cukun ba, ban taɓa taka Yamai ba. Malam Sani yac ce masu cukun sun biya kamfanin, don haka an yarje masu. Ke nan wanda bai san ni ba shina da izinin fuskata, ni da nika wanke ta kullum da safe ni ce ɓarauniya. Yanzu abokan maigidana suna tsokanarshi bakin shago, wai matarshi ta shiga kanti. Na san shi, abin na ci mai rai.

Ga halin da nike ciki. Yanzu ne dabbobi ka ba da nono, in kaka ta wuce shi ke nan sai baɗi. Cuku ya taru ɗaki. Sau biyu Dije na zuwa da ƙwarya bisa kai ina maida ta, tafiyar nan duka. An ce in buɗe sabon shafi da wani hoto. Masu sayena duka suna cikin tsohon, kuma in na yi haka na amsa ke nan na yi sata. Ba ni yi.

Abin da nika roƙo:

Ku rubuta ma kamfanin nan da hatiminku cewa ba a karanta mani takardar ba, a buɗe mani shafina tun damina ba ta wuce ba.

A cire fuskata bisa cukun da ba ni niy yi ba.

Daga yau duk takardar da za ku ba mata, a karanta ta da ƙarfi, da Hausa da Fillanci, kafin a buɗe tawada. Mu matan ƙungiya mun gama magana, ba mai sake dangwalawa, ko da abinci zai huce.

Ba kuɗi nika nema ba, Mushe. Na ba ku mako biyu. In ban ji komi ba, maigidana ya riga ya ba ni izini, in hau mota in zo Maradi, in shimfiɗa tabarma ƙofar biro ɗinku, in zauna da hoton nan a hannu. Duk mai shiga da mai fita shi dubi hoton, shi dube ni, shi faɗi wadda tay yi sata.

Allah shi ba ka ikon yin gaskiya, shi raya maka zuri'a, shi tsare ɗiyanka mata daga sa hannu bisa abin da ba su ji ba.

Wassalam.

Hajara mai cuku, Dakoro.