Na je ɗiban wuta a Lewisham

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan kabarinki yana cike da haske. Ni ce Binta, autarki mai taurin kai, daga unguwar Lewisham a Landan. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma godiya ce ta cika min ciki, kuma ke ce mai ita.

'Yata, takwararki, ta girma, Inna. Ummi muke kiranta, don bakina ba zai iya faɗin sunanki ba. Ta auri Bilal, yaron kirki, haifaffen nan, amma asalinsu mutanen Kashmir ne, wani yankin duwatsu da Indiya da Pakistan suke ja-in-ja a kansa tun kafin ki haife ni. Sun ja layi a tsakiya, sun jibge sojoji, kuma kowannensu yana riƙe da abin da rediyo ke kira makamin ƙare dangi. Da a labarai kawai nake jin kalmar. Sai ga Ummi da mijinta da surukarta sun ɗauki jaririn da ta haifa sun tafi gaida kakar Bilal, a wani ƙauye da ke gindin layin nan ta ɓangaren Pakistan. Suna can aka fara luguden wuta. Dangin da ake cewa za a ƙare, har da nawa.

Wayoyinsu duka a kashe, tashin jirage kuma an soke. Na zauna gaban talabijin ina kallon masana cikin kwat suna nuna taswira. Wai dabarar ita ce kowa ya daki ɗan'uwansa daidai yadda zai fita kunyar mutanensa, amma kada ya matsa har ɗayan ya ɗauko babban makami. Suna magana kamar masu dara a gindin bishiya. Wallahi da hannuna zai shiga akwatin nan da na shaƙe ɗaya daga cikinsu.

Da hantsi wata lamba da Ummi ta bar min ta shiga, ta kakar Bilal ce. Ta ɗauka tana kuka, tana zuba magana da yarensu. Ban da sallama da sunan Allah ban tsinci komai ba. Na kira sunan Ummi, kukan ya ƙaru. Kukan tsoro ne ko na mutuwa, ban sani ba, sai layin ya yanke.

Mutum ɗaya na sani kusa da ke jin yaren nan: Sunita, matar da ke flat ɗin ƙasa da ni. Mutuniyar duwatsun nan ce ita ma, amma ta ɓangaren Indiya. Kuma gaba muke yi. Kada ki yi dariya, Inna, a kan ɗan lambun bayan gida ne. Ta shuka na'a-na'a ya tsallako cikin tumatirina, na tuge, ta kai ƙarata council, wato hukumar unguwa. Tun daga nan ko a matakala muka haɗu kowa sai ya kalli bango.

Ina tsaye riƙe da waya sai na tuna ki da maƙwabciyarmu Iya Delu.

Kin tuna rigimar Baba da mijinta a kan danga, ko zogalen nan na gidan wa ne? Har gaban mai unguwa aka je. Ke da Iya Delu kuka daina gaisawa, ko barkar haihuwar jikarta ba ki shiga ba. Amma duk safiyar da murhunmu ya mutu sai ki miƙo min kasko ki ce in je in ɗebo wuta a wurinta. Ita ma haka take aiko nata yaran wurinki. Ba ta kallona, amma sai ta zaɓo garwashi mafi ja ta zuba min.

Na taɓa tambayarki yaya muke karɓar wutar maƙiyanmu. Kika ja min kunne kika ce, "Gaba ba ta hana ɗiban wuta. Rufinmu ciyawa, nasu ciyawa, danga ɗaya. Ranar da aka daina shiga ɗiban wuta, ranar ya kamata a ji tsoronta."

Na sauka na ƙwanƙwasa ƙofar Sunita. Da ta buɗe, idanunta jajur, sai bakina ya kasa faɗin abin da ya kawo ni. Na ce ashana nake so. Inna, duk ginin nan da lantarki muke girki, ta sani, na san ta sani. Ta dube ni, ta shiga ta ɗauko kwalin da take kunna fitilar ibadarta da shi, ta sa min a hannu, ta bar ƙofar a buɗe. Ashe ita ma ƙanenta yana can, a tsallaken layin, tun jiya ba ta same shi ba.

Muka yi ta gwada lambar har ta shiga. Sunita ta karɓa. Ina kallon bakinta kamar mai jiran hukuncin alƙali. Can ta dafa kafaɗata ta ce suna raye, su duka, kawun Bilal ya sauka da su gari inda harbi bai kai ba. Tsohuwar ce ta ƙi bin su don ba za ta bar dabbobinta ba, kukan kewar jaririn take yi. Na zube a kan kafet ɗin matar da nake gaba da ita na yi sujada.

Ba su ajiye wayar ba. Suka ci gaba da hira, ashe daga ƙofar tsohuwar ana hango dutsen garin su Sunita. Sojojin wannan suna harbin ƙauyen waccan, su kuma suna kuka da yare ɗaya.

Da aka tsagaita wuta, labarai suka ce manyan sojojin ɓangarorin biyu ne suka yi magana ta wata waya da ba a taɓa yankewa, duk tsananin gaba. Masanan suka yi ta ba abin sunaye da Turanci. Ni dai na gane kaskonki ne.

Ummi ta dawo lafiya, jaririn har ya fara rarrafe. Ƙanen Sunita ma ya tsira, rufin ɗakinsa ne kawai ya tafi. Maganar lambu kuwa tana nan, har gobe ban yarda wurin nata ne ba. Amma kwalin ashanar yana kan kantata, na ƙi mayarwa, don in sami dalilin sake sauka.

Na gode, Inna. Allah ya jiƙanki, ya jiƙan Baba da Iya Delu, ya haɗa ku maƙwabtaka a Aljanna inda babu danga. Ya tsare 'ya'yan mutane da ke kwana a gindin layin nan, ta kowane ɓangare. Ya nisanta ki da wuta, ke da kika koya min ɗibanta.

Taki har abada,
Binta